Maganin Auduga a Gurbin Goriba

Tun kafin ya sauka gangaren, Sodangi ya san akwai abin da ya faru, domin bai ji kukan tsuntsu ko ɗaya ba. Da rani kogin Dindir yakan janye ya bar farin rairayi, sai gurabe nan da can, kuma a wannan yanki babu wanda ya kai Gurbin Goriba girma. Kowace safiya kwasakwasa da zalɓe sukan cika bakinsa da hayaniya har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi. Yau shiru. Sai wani wari mai hawa kai, kamar kananzir da aka dama da ruɓaɓɓiyar tafarnuwa.

Sodangi shi ne sarkin ruwa na Hillar Goriba, ƙauyen masunta da kakanninsu suka taso daga ƙasar Sakkwato za su Makka, hanya ta ajiye su a nan. Gurbin yana daidai kan iyakar dajin da hukuma ta keɓe wa namun dawa. Lokacin da aka so a tashe su, shi ya zauna da masu gadin dajin har aka daidaita. Shanun makiyaya su sha da rana, namun dawa su sha safe da yamma ba mai taɓa su, masunta kuma su jira sai baƙi masu zuwa kallo sun ɗauke ƙafa sannan sarkin ruwa ya buɗe gurbin a yi kamun gayya. A gaban liman ya ɗauki alkawari cewa muddin yana riƙe da ruwan nan babu bakin da zai sha ya cutu, na mutum ko na dabba.

A kan tudu ya kafa rumfar kaba, inda lori kan sauke hawajoji, wato Nasara masu ɗaukar hoto, su zauna su yi tsit suna kallon ɓauna da gwanki na shan ruwa. Matan gari kan sayar musu da faifai da tabarmi. Gobe ma ana sa ran wasu, shi ya sa ya fito da tsintsiya a hannu ɗaya, mashin kifinsa a ɗayan.

Da ya leƙa, sai ya saki tsintsiyar. Fuskar ruwan ta yi fari da cikin kifi. Ƙarfasa, tarwaɗa, ragon ruwa, har da 'yan ƙananan da ko yaro ba zai tsinta ba, duk sun juye. A tsakiyarsu ga ɗan ƙanwarsa Sa'idu, ruwa iya ƙirji, yana tura su baki da hannu biyu. Abokinsa Mahmudu na cika kwanduna.

"Kawu!" Sa'idu ya ɗaga wani ƙaton giwan ruwa sama yana dariya. "Taho ka ga aikin zamani! Ba homa, ba gora, ba wahala. Safiha guda tak."

Ga wata garwa nan kife a bakin ruwa, an ɗauraye ta, wani farin abu kamar madara na bin gefen rairayin.

"Mi ka zuba mini a ruwa?"

"Magimfa ce, Kawu. Ta Nasara."

Magimfa kowa ya san ta. Ganye ne da ake dakawa a watsa a ɗan ƙaramin kududdufi, kifi ya bugu ya taso, a ɗebi na ɗiba, kafin washegari ruwan ya washe sauran su farfaɗo. Sa'idu kuwa bai daɗe da dawowa daga Managil ba, inda ya yi aikin riƙe tuta a gonakin auduga don jirgin feshi ya san layin da zai bi. Can ya ga duk ranar da aka yi feshi kifi na tasowa a cikin tur'a, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki, mutanen kambo, sansanin leburori, na kwasa da tasoshi. Da zai taho sai ya tatso ragowar maganin daga gindin ganguna, ya ɗauko shi a ka kamar tsaraba.

"Mutane sun gaji da miyar kuka tsura, Kawu. Kai kana tsaron ruwa don hawaja shi ɗauki hoton gadu. Na ce bari in hutar da kowa. Gobe war haka ya washe, ko kai ba ka ganewa."

"Ruwan tur'a tafiya yake yi, kai wawa. Wannan ina za shi?"

Sodangi ya nuna masa ƙetaren gurbin da bakin mashi. Wata gwambaza ce, dangin gwanki, kwance rabinta cikin laka, ƙafafunta na harbin iska, kumfa na fita ta hanci da baki. Kusa da ita wani kwasakwasa na jan fiffike ɗaya yana zagaya wuri guda. Can gaba birai ne zube kamar tsummokara, wata uwa da ɗanta manne a ciki.

Dariyar Sa'idu ta tsaya. Ya fito daga ruwan yana cewa, "To ai wannan..." Bai ƙarasa ba Sodangi ya juya mashin ya sheme shi da ƙotar a baki. Haƙori ya yi tsalle ya faɗa rairayi. Ya ƙara masa a haƙarƙari, ya ƙara a gadon baya. Mahmudu ya rungumo tsohon ta baya yana "Sarki, don Allah, ɗanka ne," Sodangi ya kai masa gwiwar hannu a hanci ya sake shi.

Ba dukan ne ya hana Sa'idu tashi ba. Ya yunƙura, hannuwansa suka kama rawa kamar na mai zazzaɓi. Gumi ya keto masa, yawu na dalala haɗe da jini. Ya ce, "Kawu, ba ni gani sosai," sai amai.

Daidai nan mata suka ɓullo da tasoshi, domin Sa'idu ya aika gari cewa kowa ya zo ya ɗiba. Asabe matar Sodangi ce a gaba. Ta dubi ruwan, ta dubi mijinta, ta ajiye tasarta ba wanda ya ce mata.

Sodangi ya sa ƙafa ya kifar da kwandunan. "Duk wadda ta kai kifin nan bakin murhu, ni da ita. Asabe, a ja yaron nan inuwa, a tuɓe shi a wanke da ruwan randa. Ke Barakatu, kin fi su sauri, koma ki ce maza su taho duka."

Asabe ta ɗaga kai. Idonta na can kudu, inda jar ƙura ta taso a kan rairayin kogi. Ta ce, "Malam, shanun Jibo."

Jibo ardo ne na Fulanin da ke rani a wannan gefe. Rijiyoyin da suke zaune a kai sun ƙafe, kuma kowa ya ji cewa garkensa ya kwana a hanya ba ruwa. Sodangi ya ɗauki mashinsa ya bi tsakiyar kogin da gudu irin na tsoho, rairayi na cinye masa ƙafa.

Ya tarar da su a inda kogin ya matse tsakanin gaɓa biyu. Jajayen shanu ne masu dogon ƙaho, haƙarƙarinsu duk a waje, idanunsu sun faɗa. Jibo na gaba da sanda a kafaɗa, ƙannensa na gefe da baya. Dab da shi wata tsohuwar saniya ce mai farin goshi, uwar garke, wadda inda ta sa ƙafa nan sauran ke sawa.

"A'a, sarkin ƙarni da kansa!" in ji Jibo. "Yau tarba muka samu? Matsa daga iska, Kaɗo, kada shanuna su yi amai."

Shekara da shekaru suna wannan, Sodangi kan rama da cewa gara ƙarnin kifi da wanda bai san wanka ba sai ranar salla. Yau bai rama ba.

"Jibo, juya su. Ruwan ya ɓaci."

"To. Bara kada ne ya cinye gurbin. Bana kuma mi anka samu, zaki mai iyo?"

Gaskiya ne, bara samarin gari sun ƙaga labarin wani ƙaton kada don kada shanu su dama ruwa kafin kamun gayya, Jibo ya yi zagaye mai nisa a banza, bai kuma manta ba.

"Bara ƙarya yara sunka yi maka. Yau ni nike rantse maka da Allah. An zuba magani."

"Magimfa?" Jibo ya yi dariya. "Tun ina bin maruƙa shanunmu ke shan magimfarku, ko tari ba su yi. Kauce, Sodangi. Dubi idonsu. In ba su sha yanzu ba, kafin la'asar in fara fiɗa."

"Ba magimfa ba ce. Maganin auduga ne. Taho kai kaɗai ka gani da idonka, ka bar su nan."

"In bar su? Sun ji ƙamshin ruwa, ko ubana ya tashi daga kabari ba shi tsai da su."

Haka ne kuwa. Uwar garke ta ɗaga hanci ta yi wani dogon kuka, ta fara sassarfa. Na baya suka turo na gaba. Ƙasa ta ɗauki rugugi. Sodangi ya buɗe hannuwa yana ihu yana kaɗa rigarsa, ba wadda ta ko dube shi. Wani bijimi ya goge shi da kafaɗa ya faɗi, ya miƙe da rairayi a baki.

Sodangi ya taɓa gani a bakin mahauta yadda shanu ke yi idan suka shaƙi jinin 'yar'uwarsu. Bai tsaya tunani na biyu ba. Ya sha gaban uwar garke, ya dafe gindin mashin da ƙirjinsa, ya soka mata a wuya ƙarƙashin muƙamuƙi da dukan ƙarfinsa. Mashin kifi mai ƙugiya ne, in ya shiga ba ya fita. Saniyar ta durƙusa, ta ja shi ƙasa tare da ita, jini ya yi tsiri ya wanke masa fuska da gemu.

Garken ya ci birki. Na gaba suka kewaye ta suna shinshina jinin, suna tonon ƙasa da kofato, suna wani irin kuka mai ta da tsigar jiki. Na baya suka hau kan na gaba, ƙahoni na karo da juna.

"Yanka ta, Jibo," Sodangi ya ce daga ƙasa. "Kada ta yi mushe."

Jibo ya ɗaga sandarsa sama. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa wanda ba na magana ba ne. Sandar ta sauko. Sodangi ya tare da hannun hagu, aka ji ƙas, hannun ya lanƙwashe a inda ba gaɓa. Ta biyu ta same shi a kan gira, duniya ta yi ja ta gefe ɗaya. Ta uku da ta huɗu a baya da cinya, bai ƙara sanin lissafinsu ba.

Mazan Hillar Goriba suka iso a guje, ba abin da suka gani sai sarkinsu kwance cikin jini Bafillace na dukansa. Ba wanda ya tambayi ba'asi. Suka afka da masu da sandunan homa da gatura. Ƙannen Jibo suka zare takubba. Wani ya sari Mahmudu a gefen kai, kunnensa ya rataya da 'yar fata, ya dafe yana zagaye yana kiran uwarsa. Wani masunci ya soki ƙanen Jibo a cinya, da ya ja mashin sai ya taho da tsoka. Mutum biyu suka kama juna da kokawa suka faɗa ƙarƙashin ƙafafun shanu, aka tattake su duka. Asabe ta ratsa tsakiyar ta kifa a kan mijinta, sandar da aka nufo shi da ita ta sauka a bayanta, ta yi ƙara amma ba ta ɗaga ba.

"Ba su ba!" Sodangi ke faɗa, jini na shiga masa baki. "Ku bar mutane! Shanun! Ku tare shanun!"

Ba mai jin sa. Ana cikin haka wasu shanu daga gefen garken suka hau gaɓa, suka zagaye faɗan, suka gangara gurbin. Inda suka fara isa shi ne inda aka ɗauraye garwar, inda iska ta tara farin abin nan a baki. Suka tsoma baki suka sha har cikinsu ya ɗaga. Matan da ke wurin suka yi ta jifansu da tasoshi, ko gezau.

Barakatu ce ta rugo ta riƙe rigar Jibo ta baya, yana juyowa zai make ta, ta nuna masa da hannu. "Dubi dukiyarka, Ardo! Dubi!"

Wata karsana ta fito daga ruwan tana tangaɗi kamar mai maye. Ta tsaya, fatar jikinta na karkarwa daga wuya har gindi, ta saki zawo, ta faɗi a gefe ƙafafunta suka miƙe. Ta bayanta ta kafa ƙaho a laka tana juyawa. Wani ɗan bijimi ya yi ta gudu ba inda ya nufa har ya daki kututturen goriba ya zube.

Sandar ta suɓuce daga hannun Jibo. Ya dubi garken, wanda ya fara barin jinin yana karkata wajen ruwa. Sai ya cire hularsa ya yar, ya sa hannu a kunne ya rangaɗa kiran da shanunsa suka sani tun suna maruƙa, ya juya wa ruwan baya ya zura da gudu. Jajayen shanun nan ba su bin kowa sai mai su. Suka yi jim. Ya sake kira, muryarsa na tsagewa. Wata saniya ta juya, wata ta bi ta.

"Ku kora ta baya!" in ji Asabe, tana durƙushe. "Ku da ke tsaye kamar gumaka, ku kora!"

Mutanen da yanzun nan suke saran juna suka jeru tsakanin garken da gurbin, mai takobi kusa da mai mashi, suna dukan hancin duk wadda ta yunƙuro. Wani bijimi ya ɗaga wani masunci da ƙaho ya watsar, aka cike gurbinsa. Da ƙyar, da jini da ihu, garken ya juya ya bi Jibo sama.

Aka ɗauki Sodangi aka kai rumfar baƙi aka kwantar kusa da Sa'idu, wanda ke ta shure-shure ana danne shi. Mai ɗori ya zo ya ja hannun ya ɗaure da kara. Idon hagu kuwa ya duba ya girgiza kai, ya rufe da tsumma. Aka ce a kai shi gida, ya ce ba inda za shi.

Daga kwancen yake ba da umarni. A tafi can sama, gaba da kwanar kogi, a haƙa ramuka a rairayi har ruwa ya tsatso, a shayar da shanun Jibo da ƙwarya, gari ma daga can za a riƙa ɗiba. A haƙa rami mai zurfi a binne kifin duka. A tara mushen a ƙone, kada ungulu da kura su ci su bi su.

Bayan azahar Jibo ya dawo, ƙafafunsa duk sun fashe, yana riƙe da ƙwaryar madara. Ya miƙa wa Asabe ya nuna Sa'idu da haɓa. "A ɗura masa." Sannan ya tsuguna nesa kaɗan da Sodangi, bai dube shi ba.

"Ita ta haifi rabin garken nan," ya ce.

"Na sani. Shi ya sa na zaɓe ta."

"Ban samu na yanka ta ba."

Jibo ya juyo ya dube shi.

"Ban yafe ba, Kaɗo."

"Ban roƙa ba. Ba ni mutanenka masu sauran ƙafa, su jawo ƙaya. Rana na yin sanyi namun dawa za su sauko."

Jibo ya daɗe a tsugune yana kallon hayaƙin mushen shanunsa. Sannan ya miƙe ya kira ƙannensa.

Suka sari ƙaya suka yi ta ja, maza da mata, masu ɗaurin kai da masu ɗingishi, har suka kewaye gurbin. Ba a gama toshe kafa ta ƙarshe ba sai ga ɓauna sun fito daga cikin doguwar ciyawa, baƙaƙe, a jere, manya a gaba. Suka tsaya suna kallon shingen. Kowa ya san ƙaya ba ta hana ɓauna abin da ta yi niyya.

Sodangi ya sa aka tashe shi zaune. Ya jawo wata tasa da hannunsa mai lafiya ya kifa tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗauki guntun kara ya fara bugawa. Asabe ta ɗauki tata. Kafin wani lokaci duk bakin gurbin ya ɗauka, tasoshi da garewani da ihu, wurin da shekaru ake hana yaro ko tari. Babban ɓaunan ya yi huci, ya tako gaba, ya tsaya. Aka ƙara ƙarfin bugu. Ya kaɗa kai ya juya, sauran suka bi shi suka nufi cikin daji, wajen gurabe masu nisa.

"Haka za mu yi ta yi," in ji Sodangi, "safe da yamma, gida gida, har ruwan sama shi sauko kogi shi wanke abinsa."

Da hantsi washegari lori ya tsaya a kan tudu. Wani mai gadin daji ya sauko, ya dubi shingen da toka da fuskokin mutane, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Bayansa hawajoji ne, da wata doguwar mata mai abin hoto rataye a wuya. Ta toshe kunnuwa saboda ƙarar tasoshi, ta dubi tsohon da ke zaune a rumfarsu da tsumma a ido, ta yi wa direba magana.

Direban ya matso. "Ya hajj, tana tambaya, wai ina dabbobin? Daga Hartum suka taso don su."

Sodangi bai daina bugun tasar ba.

"Ce mata suna nan da ransu. Ta dawo baɗi."